Ya Ƙare ko da Sauransa? Tarihin Auna Tsohon Majefi a Wasan Besbol

A wasan besbol, wanda Amurkawa suka riƙa a matsayin wasan gado tun ƙarni na 19, babu wanda ido ke kansa kamar majefi, wato mutumin da ke tsayawa a kan ɗan tudu a tsakar fili yana wurga ƙwallo wajen mai gora. Tazarar da ke tsakaninsu mita 18 ce da 'yan kai, an tsayar da ita tun 1893, kuma ƙwallon gwani kan cinye ta cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Jifa irin wannan, sau ɗari a yini guda, shekara da shekaru, yana cin kafaɗa da gwiwar hannu kamar yadda gara ke cin azara, shi ya sa duk majefin da ya haura shekara 30 yake tafe da tambaya a bayansa: ya ƙare ne, ko da sauransa? Masu ƙungiya na yin ta saboda kuɗinsu, 'yan jarida saboda labari, 'yan kallo kuwa duk ranar da aka lallasa gwaninsu. Abin da tarihin sana'ar ya nuna, a ganina, shi ne an shafe kusan ƙarni ana amsa tambayar da shaidar da rabinta na wasu ne, kuma ko bayan da aka samo shaida mai inganci, alƙaluma na faɗin abin da mutum ya rasa ne su yi shiru a kan dalili. Wanda ya yanke wa tsohon majefi hukunci bai binciko dalilin ba, caca ya yi.

Ma'aunin farko da aka saba da shi shi ne ƙirgen nasara. A ƙa'idar wasan, duk karawar da aka gama akan rubuta nasarar da sunan majefi ɗaya, a rubuta faɗuwar da sunan wani, kuma tun zamanin Cy Young, wanda ya tara nasara 511 tsakanin 1890 da 1911, aka ɗauki nasara 20 a kaka guda a matsayin hatimin gwaninta. Aibin wannan a fili yake: aikin majefi hana ci ne, cin maki yana hannun abokansa masu gora, idan suka gaza kuwa ko jifan duniya ya yi faɗuwa za a rubuta masa. Ganin haka aka ƙaro wani ma'auni da suke kira ERA, wanda manyan gasannin ƙasar biyu suka shigar cikin kundinsu a 1912 da 1913. Wasa guda turmi 9 ne, ERA kuwa matsakaicin makin da aka ci majefi ne a kowane turmi 9, bayan an cire waɗanda kuskuren abokan wasansa ya jawo. Ƙasa da 3 gwaninta ce, sama da 5 abin jin kunya. Ya fi ƙirgen nasara gaskiya, amma da sauran rina a kaba, domin akwai mutum 7 da ke tsare fili a bayan majefi, kuma ƙwallon da mai zafin nama zai cafke, mai nauyin jiki kallonsa zai yi ya faɗi ƙasa, ba tare da alƙalin lissafi ya rubuta masa kuskure ba. Ga kuma ƙarancin samfur: cikin wasa 162 na kaka, majefin da ke buɗe wasa yana fita sau 30 da 'yan kai ne kawai, ranaku uku ko huɗu marasa kyau sun isa su ɓata masa lissafin shekara.

Kafin ma a zo kan alƙaluma, takardar haihuwa kaɗai kan isa a yanke hukunci. A Yulin 1948 Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland, ya ɗauki Satchel Paige, wanda wariyar launin fata ta tsare a gasannin baƙar fata har ya kai shekara 42. Jaridar The Sporting News, wadda ita ce babbar muryar wasan a lokacin, ta ɗauki abin a matsayin dabarar tara 'yan kallo. Paige ya gama kakar da nasara 6, faɗuwa 1, ERA 2.48, Cleveland kuma ta ɗauki kofin World Series. Shekara 39 bayan haka sai ga hujjar da ta fi wannan kaifi. A 1987 Nolan Ryan na ƙungiyar Houston, yana da shekara 40, ya gama kaka da nasara 8, faɗuwa 16. Wanda ya kalli wannan layi kawai zai ce a yi wa dattijo walimar bankwana. Amma a wannan kakar ERA ɗinsa 2.76 ne, mafi kyau a gasarsu baki ɗaya, kuma shi ya fi kowa kaye. Kaye shi ne majefi ya fitar da mai gora da jifa uku masu kyau ba tare da ƙwallon ya shiga fili ba, Ryan kuwa ya yi 270 a shekarar. Abokansa ne ba sa cin maki. Da Houston ta rabu da shi bayan kakar 1988 kan batun albashi, ya koma Texas ya yi kaye 301 a 1989, sannan a ranar 1 ga Mayun 1991, yana da shekara 44, ya gama wasa sukutum da Toronto ba tare da mai gora ko ɗaya ya sami bugu mai kyau a kansa ba, karo na 7 ke nan a rayuwarsa.

Labarin da Amurkawa suka fi maimaitawa kan wannan kuskure shi ne na Roger Clemens. Daga 1993 zuwa 1996 nasararsa a Boston 40 ce, faɗuwa 39, lissafin ɗan tsaka-tsaki ga mutumin da ya riga ya ci kambun Cy Young, wanda ake bai wa gwarzon majefin shekara, har sau 3. Da kwantiraginsa ya ƙare, babban manajan ƙungiyar, Dan Duquette, ya yi wata magana mai nuna cewa la'asar ta yi wa Clemens a sana'a, aka bar shi ya tafi Toronto. Abin mamakin shi ne shaidar da ke ƙaryata hukuncin tana cikin kundin Boston ɗin kanta. A kakar 1996, wadda aka rubuta masa nasara 10 da faɗuwa 13, shi ya fi kowa kaye a gasar da 257, kuma a ranar 18 ga Satumba, a Detroit, cikin mutum 27 da ake buƙatar fitarwa kafin a gama wasa, 20 da jifa uku ya sallame su. Hannun da ya ƙare ba ya wannan. A Toronto ya yi nasara 21 da ERA 2.05 a 1997, ya yi 20 da 2.65 a 1998, kambun Cy Young duka shekarun biyu.

Wanda ya ba wannan fahimta ginshiƙi na lissafi wani matashi ne mai sha'awar ƙididdiga, Voros McCracken, wanda ba ya aiki da kowace ƙungiya a lokacin. A Janairun 2001 ya wallafa bincike a shafin Baseball Prospectus yana cewa da zarar mai gora ya taɓa ƙwallo ya shiga fili, ikon majefi a kan abin da zai biyo baya kaɗan ne ƙwarai. Kusan 3 cikin kowane 10 na irin waɗannan ƙwallaye kan zama bugu mai kyau, ko majefin gwani ne ko ɗan koyo, kuma wanda sa'a ta yi wa gudu bana sau da yawa ita ke rungumarsa baɗi. Abin da ke hannun majefi shi kaɗai uku ne: kaye, da kyauta, wato ya ɓata jifa huɗu mai gora ya wuce zangon farko a banza, da kuma bugun da ke tsallake katanga. Greg Maddux na Atlanta misali ne mai kyau. A 1998 ERA ɗinsa 2.22 ne, a 1999, yana da shekara 33, ya haura zuwa 3.57, aka yi masa bugu mai kyau 258, mafi yawa a rayuwarsa. A 2000 ya sauko zuwa 3.00, ya ci gaba da jifa har 2008. Masu bincike na baya sun sassauta iƙirarin McCracken, sun nuna cewa wasu majefan na da ɗan tasiri kan ƙarfin bugun da ake yi musu, amma jigon maganar ya tsaya, kuma Boston ɗin da ta saki Clemens ita ce daga baya ta ɗauki McCracken aiki.

Wannan ma'auni yana yanka ta ɓangare biyu, abin da masoyan tsofaffin gwanaye ba sa son ji ke nan. Kamar yadda faɗuwa ke ɓoye gwaninta, haka nasara ke ɓoye lalacewa. Warren Spahn na Milwaukee ya yi nasara 23, faɗuwa 7 a 1963 yana da shekara 42. A daren 2 ga Yulin wannan shekara, a San Francisco, ya kara da Juan Marichal mai shekara 25, kowannensu ya ƙi sauka daga tudu, babu wanda aka ci har turmi na 16, inda Willie Mays ya tsallakar da jifan Spahn na 201 bayan katanga aka tashi 1 da 0. Duk wanda ya ga wannan dare zai rantse tsufa ya manta da mutumin. Amma Spahn da ya jagoranci gasarsu a kaye shekara 4 a jere daga 1949 zuwa 1952, wanda ya yi 191 a 1950, a 1963 kaye 102 kacal ya yi cikin turmi kusan 260. Da wayo da saiti yake rayuwa, masu gora na taɓa ƙwallonsa, 'yan baya na kwashewa, Hank Aaron da Eddie Mathews na ciyo masa maki. Kaka ɗaya bayan haka ya yi nasara 6, faɗuwa 13, ERA 5.29, kuma a ƙarshen 1965 ya bar manyan gasanni. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba. Sai dai a yi adalci: kayen Spahn ya yi shekaru yana ƙasa yana kuma cin wasa, don haka alƙaluman sun nuna cewa gefen rami yake tafiya, ba su faɗi ranar da zai zame ba.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar lissafi ba ta da amfani, tunda tsufa a gudun ƙwallo yake fara bayyana, a auna gudu kawai a huta. Maganarsu na da tushe, kuma neman auna gudun tsohon buri ne. Wajen 1940 an sa ƙwallon majefi Bob Feller tsere da babur a Chicago, a 1946 kuma aka auna shi da na'urar sojoji a Washington aka sami mil 98.6 a sa'a. A shekarun 1970 Danny Litwhiler, kocin Jami'ar Jihar Michigan, ya aro dabarar na'urar da 'yan sanda ke kama masu gudun wuce sa'a da ita, ba a daɗe ba kowane mai farautar 'yan wasa ya zauna bayan raga riƙe da tasa. Daga 2006 aka fara kafa kyamarorin PITCHf/x, a 2015 tsarin Statcast ya shiga duka filaye 30, yana auna gudun kowane jifa da juyawarsa da karkatarsa. Gaskiya ne gudu na raguwa da shekaru, kuma gaskiya ne yawancin waɗanda gudunsu ya faɗi aikinsu ma faɗuwa yake. Inda maganar ta gaza shi ne mai gora lokaci yake aunawa, kuma ana iya ɓata masa lokaci ba tare da gudu ba. Frank Tanana ya jagoranci gasa da kaye 269 a 1975 yana ɗan shekara 22, da zafin jifa. Kafin shekarun 1970 su ƙare hannunsa ya samu rauni, zafin ya tafi bai dawo ba. Sai ya sake sana'a a cikin sana'a: jifa mai lanƙwasa, jifa mai yaudara da ke fita daga hannu kamar mai gudu ya iso a makare, da dasa ƙwallo a kusurwar da mai gora ba ya so. Ya kai 1993 yana wasa, nasara 240, kuma shi ya hana Toronto ko maki ɗaya a ranar ƙarshe ta kakar 1987, Detroit ta ɗauki rukuninsu da ci 1 da 0. Jamie Moyer ya ci wasa a Afrilun 2012 yana da shekara 49 da ƙwallon da da ƙyar yake kai mil 80. Na'urar auna gudu za ta ce waɗannan mutane sun ƙare shekaru da dama kafin su ƙare.

Suka mafi nauyi ita ce wadda ke taɓa ma'aunin kayen kansa, kuma Justin Verlander ne hujjarta. A 2011 a Detroit ya yi nasara 24, kaye 250 cikin turmi 251, ya haɗa kambun Cy Young da na gwarzon ɗan wasan gasa. A 2014, yana da shekara 31, kayensa ya sauko zuwa 159 cikin turmi 206, gudunsa ya ragu, ERA ya kai 4.54. Wannan karon ba a iya ɗora laifin duka a kan abokai ko rashin sa'a, kayen da McCracken ya ce a duba shi kansa ya nuna ƙasa. Mai bin alƙaluma zalla zai ce ga Spahn na biyu. Abin da alƙaluman ba su ɗauke da shi ba shi ne an yi wa Verlander tiyata a tsokar mara a Janairun wannan shekara, jifa kuwa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu ƙarshen bulala ne kawai. Da jikin ya warke ya jagoranci gasar da kaye 254 a 2016, ya koma Houston a Agustan 2017, ya yi kaye 300 da kambun Cy Young a 2019. Jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke a 2020, ya rasa kakar 2021 baki ɗaya, ya dawo a 2022 yana da shekara 39 ya yi ERA 1.75 da wani kambun. Tiyatar da ta ba shi wannan dama ita kanta ta sauya ma'anar ƙarewa. Kafin Satumban 1974, lokacin da Dokta Frank Jobe ya dasa wa majefi Tommy John wata jijiya a gwiwar hannu, irin wannan rauni sallama ce. John ya dawo a 1976 ya ƙara nasara 164, ya yi ritaya a 1989 yana da shekara 46. Sandy Koufax kuwa ya ajiye wasa a 1966 yana da shekara 30, bayan kakar nasara 27, saboda ciwon gaɓa a gwiwar hannu da likitocin zamaninsa ba su da abin yi a kansa. Alama iri ɗaya na iya fitowa daga rauni mai warkewa ko daga zaizayar da ba ta komawa, kuma ba a bambance su daga takardar lissafi.

Mai hankali zai ce duk sunayen da aka jero zaɓaɓɓu ne, waɗanda suka tsira ne ake tunawa, ɗaruruwan da aka ce sun ƙare kuma suka ƙare ɗin babu mai ba da labarinsu. Wannan gaskiya ce, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Steve Carlton, mai kambun Cy Young 4, ya zaga ƙungiyoyi 5 tsakanin 1986 da 1988 yana neman abin da ya riga ya tafi. Tim Lincecum ya ci kambun a 2008 da 2009, ciwon ƙugu ya cinye shi, wasansa na ƙarshe a manyan gasanni a 2016 ne yana da shekara 32. Félix Hernández na Seattle, wanda ya fara yana ɗan shekara 19 ya kuma haura turmi 2,000 kafin ya cika 30, ya yi nasara 18 a 2015 alhali gudunsa ya daɗe yana zaftarewa, daga nan ERA ɗinsa ya bi 3.82, 4.36, 5.55, har 6.40 a 2019. Haka nan labarin Clemens na da tabo: wani rahoton bincike na Disamban 2007, wanda ake kira rahoton Mitchell, ya ambace shi cikin waɗanda ake zargi da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, ya musanta, kuma kotu ta wanke shi a 2012 daga tuhumar yi wa majalisar dokoki ƙarya. Ko da mutum ya ajiye duk abin da ya yi bayan Boston a gefe, kaye 257 na 1996 na nan, kuma su ne shaidar da Duquette ke da ita a gabansa. Abin da waɗannan sunaye ke koyarwa shi ne shekaru su ne zato na farko, kuma mai cewa duk majefi mai shekara 35 yana gangara zai fi yawan yin daidai. Amma ƙungiya ba da matsakaicin mutum take ƙulla kwantiragi ba, da mutum ɗaya ne mai kafaɗa ɗaya da tarihi ɗaya. Bambancin Hernández da Verlander bai ɓuya ba ga mai dubawa: na ɗaya zaftarewa ce a hankali, shekara bayan shekara, a hannun da aka yi wa lodi tun yana yaro, ba tare da wani rauni guda da za a nuna a ce idan ya warke komai zai dawo ba, na biyu faɗuwa ce farat ɗaya da ke da rana da wata da sunan tiyata.

Duk da kyamarori da kwamfutoci, masu kuɗin ba su daina kuskure ta kowane ɓangare ba, domin ɓangaren da ya fi muhimmanci, ko jiki zai warke da ko mutum zai yarda ya sauya salon da ya yi masa suna, ba ya shiga na'ura. Bayan kakar 2022 ƙungiyar Mets ta New York ta ba Verlander kwantiragin shekara 2 na sama da dala miliyan 86, yana dab da cika 40, kafin kakar farko ta ƙare ta mayar da shi Houston. A 2024 ciwon kafaɗa da na wuya suka taƙaita shi ga wasa 17, ERA ɗinsa ya kai 5.48, tambayar 2014 ta sake tasowa a kan mutum guda, wannan karon da ƙarin shekara 10 a kan kafaɗar. Ƙungiyar San Francisco ta duba abin da Houston ta duba, ta ba shi kwantiragin shekara 1 na kakar 2025.